Ƙibar Yara a Gidan Talaka da Gidan Baƙo

Wataƙila wani mai karatu a Andarai ko Maiyama zai ga kan wannan darasi ya girgiza kai. Zai ce, "Waɗannan mutane ba su san inda mu ke ba. Mu da mu ke fama da yara masu ramewa, ina mu ina zancen ƙiba?" Ba mu ga laifinsa ba, gama yana da hujja. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta sa aka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a dukan jihohin Nijeriya. A ƙasa duka an tarar yara 37 cikin 100 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Kebbi kuwa 66 ne cikin 100, ba jihar da ta kai ta. Waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuma 2 ne kaɗai cikin 100 a ƙasa duka. A shekarar 2022 har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta zo ta fara kwantar da yara masu tamowa a asibitin Maiyama, kuma iyaye mata da yawa na ƙasar Jega da Aliero sun san hanyar wannan asibiti.

Duk da haka mun ga ya wajaba mu yi wannan darasi yanzu. Dalilinmu shi ne, ramewa da ƙiba ba abokan gāba ba ne yadda mu ke zato. Wa da ƙane ne, ɗaki ɗaya suka fito. Yaron da yunwa ta taɓa tun yana ciki ko yana goye, shi ne ƙiba ta fi saurin yi wa ɓarna ranar da gidansu ya koma gari, abincinsu ya sāke. Sau da yawa kuma a gida ɗaya za ka ga uwa mai teɓa tana goye da ɗa mai tamowa, dukansu biyu daga tukunya ɗaya su ke ci.

Abin da yunwa ta ke bari a jiki

Bari mu soma da wani labari na ƙasar waje, gama can ne aka fara ganin abin a fili. A lokacin sanyi na ƙarshen shekarar 1944 zuwa farkon 1945, yaƙin duniya na biyu yana gab da ƙarewa, sojan Jamus suka hana abinci shiga yammacin ƙasar Holan. Mutane suka ci abin da ba a ci, wajen mutum 20,000 suka mutu. Da yaƙi ya ƙare abinci ya dawo, ƙasar ta yi arziki, aka ɗauka magana ta wuce. Ashe ba ta wuce ba. A shekarar 1976 likitoci suka buga sakamakon awon samari wajen 300,000 'yan shekara 19 da aka auna domin aikin soja. Suka ga samarin da uwayensu suka sha yunwa a watannin farko na cikinsu sun fi sauran samari yawan ƙiba. Daga baya wani likita ɗan Ingila mai suna David Barker da abokan aikinsa suka bi tsofaffin takardun haihuwa na ƙasarsu, suka ga jariran da aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da ciwon sukari bayan sun manyanta.

Yaya haka ta ke faruwa? Jikin da aka gina shi cikin rashi ya kan zama kamar magidancin da ya taɓa shan fari. Ko shekara ta yi kyau ba ya sakin jiki, kome ya samu sai ya kai rumbu. Jikin yaron da ya tsumbure haka ya ke. Ƙashinsa gajere ne, tsokarsa kaɗan ce, abin da ya ci ya yi saura kuwa sai ya mai da shi kitse ya tara a ciki. Muddin yana ƙauye yana cin tuwon dawa, yana bin awaki, ba a ganin kome. Sai ran da sukari da mai suka yawaita, tafiya kuma ta ragu.

To, ku tuna da lissafin nan na 66 cikin 100. Yaran da aka auna a 2018 yau sun zama 'yan makaranta, waɗansunsu sun kusa balaga. Da yawa daga cikinsu ba za su tsufa a ƙauyen da aka haife su ba.

Ranar da gida ya tashi

Mutanen wannan yanki ba baƙin tafiya ba ne. Hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega ta nufi Koko da Yawuri ta daɗe tana kwasar 'yan cin rani zuwa kudu. Albasar Aliero tana kai mutane har Ikko da Anaca. A da namiji ne kaɗai ya kan tafi ya dawo da damina. Yanzu gida duka ya kan tashi. Waɗansu neman abinci ya tashe su. Waɗansu ruwa ne, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi. Waɗansu kuma 'yan bindiga ne suka kore su daga ƙasar Zuru, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, suka bar rumbunansu a baya. Akwai kuma malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa da aiki ya kawo su Jega ko Birnin Kebbi daga wata jiha. Duk waɗannan su mu ke nufi in mun ce baƙo.

An taɓa auna abin da ƙaura ta ke yi wa jikin mutum, a kan mutanen Gana. An buga sakamakon a shekarar 2016. Cikin matan da su ke zaune a ƙauyukan Gana, wajen 8 cikin 100 ne su ke da ƙiba mai yawa. Cikin waɗanda su ke biranen Gana, 34 ne. Cikin waɗanda suka koma Landan, 54 ne. Jini ɗaya, harshe ɗaya, wurin zama ne kaɗai ya bambanta. Manya aka auna, amma yara daga hannun manyan nan su ke ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya wuce kima 8 ne cikin 100 a duniya, a 2022 kuwa sun kai 20 cikin 100. Ba a ƙasashen masu arziki kaɗai ba ne.

Bari mu dubi abin da ya ke faruwa a tukunyar baƙo. A ƙauye uwa tana da zogale a bayan ɗaki, da rama da yakuwa a gefen gona, da kuka da kuɓewa busasshe a tulu, da wake a rumbu, nono kuwa Fulani na kawowa har ƙofa. Ba ta ɗaukar waɗannan a bakin kome, gama ba ta sayensu. A gari tana ɗaki ɗaya na haya. Ganye na kuɗi ne, itace da gawayi na kuɗi ne, ruwa ma na kuɗi ne. Wake yana cin wuta, taliyar leda kuwa kafin ka ce kwabo ta nuna. Ita ma uwar ta fita neman na cefane, wanki ko aikatau ko saye da sayarwa. Sai ta danƙa wa yaro 'yan kuɗi da safe ta ce ya sayi abin da zai ci. Me zai saya? Fanke, cincin, biskit, alewa, da zoɓo mai sanyi da aka ɗaure a leda. Cikinsa ya cika, bai yi kuka ba. Amma gari ne da mai da sukari ya ci tun safe har yamma, ba abin gina jiki, ba abin ƙara jini. Irin wannan yaro ya kan yi kumatu, kuma in aka auna jininsa a tarar bai isa ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tsadar abinci ta ƙara matsa wa talaka. In kuɗi ya yi kaɗan, abin da a ke fara yankewa shi ne ƙwai da kifi da nama da 'ya'yan itace. Abin da ya ke saura shi ne mai cika ciki. Don haka ba mu yarda da masu cewa ƙiba ciwon masu kuɗi ce ba. Mai kuɗi yana da zaɓi, talakan gari kuwa abin da ya fi araha ya ke ci.

Ko wanda bai tashi ba, gari ya zo ya same shi. Ku duba teburin mai kanti a bakin titi a Andarai, ku kwatanta da abin da ya ke kai shekara 20 da suka wuce. Shinkafa ma ta sāke. A watan Nuwamba na 2015 a jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, injinan casa suka ƙaru. Wannan alheri ne ga manomi. Amma farar shinkafar inji an kankare mata dusa, ba ta riƙe ciki kamar gero da dawa, ba ta kuma kai su amfani ba. Gidan da ya bar tuwon dawa da fura ya koma shinkafa da mai da yaji safe da yamma bai ci gaba ba, ko da maƙwabta suna ganin ya ci.

Tsaraba

A nan za mu ɗan daɗe, gama a nan ne maganar ta ke da wuya. Uban da ya yi wata 5 a kudu yana dako ko yana tura baro, ran da zai dawo ba ya so ya shiga gida hannu rabbana. Ya kan sayo katan ɗin taliya, da biskit, da lemon kwalba. Uwar da ta ga ɗanta na fari ya rame har ya kwanta asibiti ta yi alkawari a ranta cewa na biyu ba zai ji yunwa ba, ko ya ƙoshi sai ta ɗura masa. Kaka kuma in ta ɗauki jika ta ji nauyi sai ta ce, "Tubarkalla, ya yi ɓulɓul!" Duk wannan ƙauna ce, kada kowa ya kira ta jahilci. Mutumin da ya san yunwa ba a yi masa dariya in ya ga ƙiba ya yi murna. Sai dai ƙaunar tana bukatar lissafi.

Ga lissafin. Ƙaramar kwalbar lemo, mai santilita 35, tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. Babbar roba mai santilita 50 ta kan kai cokali 13. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ya fi kyau babban mutum kada ya wuce wajen cokali 6 a yini, a haɗa da na shayi da na koko da na kome. Na yaro bai kai haka ba. Yaron da bai cika shekara 2 ba kuwa, ba a so a ba shi abin sha mai sukari ko kaɗan. Wace uwa ce za ta zauna ta ɗebi sukari cokali 9 ta zuba wa ɗanta a baki? Ba ko ɗaya. Amma in yana cikin kwalba mai sanyi ba a ganinsa.

Abin da ya sa sukarin sha ya fi na ci ɓarna shi ne, ba ya ƙosarwa. Yaro ya sha kwalba guda, bayan rabin sa'a ya nemi tuwo kamar bai sa kome a baki ba. Wanda ya sha rake kuwa sai ya tauna ya gaji, wanda ya ci mangwaro ya ci da zarensa, cikinsa ya san an ci. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha. A ganinmu naira 10 ba ta hana kowa saye. Hanawar tana hannun iyaye.

Kada kuma mu ɗora wa kwalba laifi duka. Zoɓon gida da kunun aya da kunun zaƙi, yadda a ke haɗa su domin sayarwa, waɗansunsu ba su bar lemon kwalba da nisa ba. Fura abinci ce mai kyau ƙwarai, gero da nono, amma yanzu sai a dama ta a juye mata sukari har a kashe tsamin nonon. Shayin safe kuma, wanda baƙi da yawa suka koya a gari, ruwan zafi ne da sukari da burodi. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kusan rabinta sukari ne, ba abincin jariri ba ce.

Ga uban da zai dawo daga cin rani muna cewa, kada ka fasa tsaraba, sāke ta za ka yi. Manja, da lemon zaƙi na itace, da ayaba, da kwakwa, duk a kudu su ke da araha. In ka sauka a Jega ka tambayi kuɗin kwalbar lemo, ka tambayi kuɗin ƙwai da na gwangwanin gyaɗa, ka yi lissafi da kanka. Ga matar da surukarta ta ke miƙa wa goyo lemo, ba sai an yi faɗa ba. Ta iya cewa, "Inna, ku yi haƙuri, malamar awo ta ce a dakata masa da zaƙi sai ya yi wayo. Ga gwanda nan, ku ba shi da hannunku." Kaka ba lemon ta damu da shi ba, so ta ke jikan ya karɓi abu daga hannunta.

Ba kowace cika ce ƙiba ba

Kafin mu ci gaba, akwai kuskure ɗaya mai kisa da ya kamata kowa ya sani. Wani yaro ya kan cika, fuska da ƙafa da hannu, a ce ya yi ƙiba, alhali kuwa kumburi ne na tamowa. Ga yadda a ke ganewa. Ki sa babban yatsanki a bayan ƙafafunsa biyu, ki danna a hankali, ki ƙirga 1, 2, 3, ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya zauna a lotse a ƙafa biyun, ruwa ne. A kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Irin wannan yaro gashinsa ya kan yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ba ya son abinci.

Haka kuma jaririn da ya ke shan nonon uwa zalla, in ya yi ɓulɓul a watanninsa na farko, a bar shi. Kada a rage masa nono. Zai zazzage in ya fara rarrafe da tafiya.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya ke ya san kima. Abin da zai gaya mana gaskiya shi ne sikeli da katin awo. A riƙa kai yaro awo, a kuma roƙi malamin asibiti ya auna tsawo, ba nauyi kaɗai ba, gama gajeren yaro mai nauyin tsaransa ya riga ya fi ƙarfin ƙashinsa. Baƙi su lura da wannan: in za a tashi, a sa katin yaro cikin kayan da ba a bari. Ga yaron da ya wuce shekara 5 akwai awon da ba ya bukatar kuɗi. A sami igiya a auna tsawonsa daga ƙasa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. Idan rabin igiyar bai zagaye cikin ba, kitse ya fara yawa.

Abin da za a sa a tukunya

Abin murna shi ne, maganin ramewa da rigakafin ƙiba abu ɗaya ne. Ba sai an dafa tukunya biyu ba.

Ya fara tun daga ciki. Mace mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini da aka ba ta. In an haihu, nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. A awon nan na 2018 jarirai 29 ne kaɗai cikin 100 a Nijeriya su ke samun haka. Mun san a zafin bazara na ƙasar Kebbi da wuya uwa ta yarda jariri ba ya jin ƙishi, amma nono kusan dukansa ruwa ne, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. Bayan wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2.

Kokon gero tsararo ba ya isa. Akwai garin kunu da ma'aikatan lafiya suka koya wa mata a ƙasar Jega da Maiyama, wanda a ke kira Tom Brown. Awo 6 na dawa ko gero ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A gyara, a soya kowanne dabam sama-sama, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. A dama shi da kauri, yadda zai zauna a cokali. Sai dai mun ga waɗansu suna zuba masa sukari har ya zama alewa. Gyaɗar da ta ke ciki ta isa ta ba shi daɗi. In ana so a ƙara, a matse ayaba ko a sa garin busasshen kifi. Harshen yaro abin da aka saba masa ya ke nema, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin ƙananan yara kashi 8, suna so yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya sami aƙalla 5 a yini. Su ne nonon uwa, hatsi da su dankali da rogo, wake da gyaɗa, nonon shanu, nama ko kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu ja ko ruwan ɗorawa a ciki kamar kabewa, karas, gwanda da mangwaro, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Da jin haka wani zai ce wannan sai gidan mai albashi. A'a. Goyon da ya sha nono, ya ci tuwon dawa da miyar zogale da aka sa wa gyaɗa da kifi, ya riga ya sami 5. Ɗanwake, dambu da zogale, faten wake da kabewa, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, awara, dafaffen ƙwai, duk abincinmu ne tun kaka da kakanni ko kuwa mun daɗe da saba su. Mai ɗakin haya ma ta iya shuka zogale ko alayyafo a tsohon buhu ko fasasshen bokiti, ta riƙa zuba masa ruwan wanke hatsi. In taliyar leda ce kaɗai a gida ran nan, a rage garin ɗanɗanon da ya ke ciki, gama gishiri ne ya yi yawa, a yanka albasa da ganye, a fasa ƙwai in akwai.

Abu ɗaya kuma game da ɗura. Yaro mai lafiya in ya kau da kai ya rufe baki, ya ƙoshi. A zuba masa nasa a ƙaramin kwano domin a ga abin da ya ci, a zauna da shi, a lallashe shi, amma kada a danne shi. Kada kuma a mai da alewa ladan yin shiru. Yaron da ba shi da lafiya ya ƙi abinci, wannan dabam ne, asibiti za a kai shi.

Ƙafa

Yaron ƙauye ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Ɗiban ruwa, kiwo, itace, kai abinci gona, da dare kuma langa da wasan ɓuya a dandali. Yaron baƙo a gari an kulle shi a ɗaki, gama uwa tana tsoron mota da ɓata da miyagun mutane, tsoronta kuwa ba na banza ba ne. Sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 kowace rana yana wasan da zai sa shi haki. Ƙanana masu tafiya su sami wajen sa'a 3 suna motsi a yini. Wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a 1.

'Yan mata sun fi cutuwa a nan. Namiji ya kan sulale ya tafi ƙwallo, mace kuwa daga makaranta sai ɗaki. Gidaje 3 ko 4 na maƙwabta su iya shiryawa, kowace yamma babba ɗaya ya tsaya yara su yi 'yar gala-gala da tsallen igiya a fili. Filin majami'a da ya ke zaune ba kowa daga Litinin zuwa Asabar ya isa wannan aiki. In makaranta ba ta da nisa kuma hanya lafiya, yara su taka da ƙafa cikin ayari maimakon a ɗora su a babur.

Yaron da ya riga ya yi ƙiba

Kada a sa shi yunwa, kada a hana shi karin kumallo. Yana girma, yana bukatar abinci. Abin da a ke so shi ne nauyin ya tsaya, tsawo ya cim masa. Kada a ware shi a ba shi ganye sauran yara suna shan lemo a gabansa. Gida duka ne zai sāke. Kada kuma a yi masa suna, a ce tulu ko buhu. Yaron da a ke yi wa ba'a ya kan daina fita wasa, ya koma ɗaki ya ci abinci cikin baƙin ciki, abin ya ƙaru.

A kai shi asibiti idan ana ganin waɗannan: bayan wuyansa ko hamatarsa ta yi baƙi ta yi kauri kamar datti amma ba ta fita da wanka, gama wannan ya kan nuna jiki ya fara kāsa sarrafa sukari; yana yawan shan ruwa da yawan fitsari har da dare; yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa; ko yana kukan gwiwa da ƙugu yana ɗingishi.

Sai gargaɗi game da ƙwayoyin sa ƙiba da a ke sayarwa a kasuwa da kemis, waɗanda a ke kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu magunguna ne masu ƙarfi da likita ya kan bayar domin wani ciwo dabam. In aka sha su ba bisa ka'ida ba su kan kumbura fuska, su hau da jini, su kawo ciwon sukari, su raunana ƙashi, ga yaro kuma su hana shi tsawo. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali.

Aikin aji

Ga masu karanta wannan darasi tare, a zumuntar mata ko a wani taro, a zo da kwalbar lemo wadda ba kome a ciki, da sukari a kwano, da cokalin shayi. Mutum ɗaya ya riƙa zubawa a kwalbar, sauran suna ƙirgawa da ƙarfi har 9, sa'an nan a zagaya da ita kowa ya riƙe. Bayan haka kowace mace ta faɗi abin da ƙaramin ɗanta ya ci jiya tun daga safe, a ƙirga kashi nawa ya samu cikin 8. A ƙarshe a tambayi masu kula da makarantar Lahadi da masu shirya bikin Kirsimati abin da a ke raba wa yara, da kuɗin da a ke kashewa a kai, a lissafta ƙwai nawa da lemon itace nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwar Jega.